Yadda ake sa pomel a ƙyauren katako ya zauna daram ba ya jan ƙasa

Shekaranjiya da la'asar gwaggona ta aiko yaro wai in zo in duba mata ƙyauren ɗaki, ya ƙi rufuwa sai an tallabe shi da ƙafa. Na je na tarar da abin da kullum nike tararwa cikin gidajen Tawa, katako lafiyarshi lau, pomel ɗin ma, wato ƙarfen da ƙyaure ke rataye kanshi yana juyawa, ba abin da ya same shi, amma wanda ya yi aikin ƙusa ya buga maimakon bis mai haƙora da ake murɗawa, ƙusoshin sama duk sun zaro rabi, ƙyaure ya sunkuya kamar jakin da anka yi ma lodi har ya zana baka a kan siminti. Ta ce "ɗana, ko dai sabon gambu za a saya?" Na ce "a'a Gwaggo, bis kawai za ki saya, sai ki dama mani fura." To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nike yi, don aikin ba wuya gare shi ba, gaggawa ce ke ɓata shi.

Kafin komai ka gane yadda nauyin ƙofa yake aiki, in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Ƙyaure a rataye yake ta gefe guda, saboda haka pomel na sama janshi ake yi waje kamar ana son tumɓuke shi, na ƙasa kuma danna shi ake yi ciki. Shi ya sa da wuya ka ga na ƙasa ya fara lalacewa, galibi na sama ne. Ƙusa santsi gare ta, in ana janta kullum safe da yamma sai ta zame, bis kuwa haƙora gare shi yana cizon katako. Ga kuma yanayinmu, damina katako ya sha raɓa ya kumbura, hunturu ya bushe ya motse, ramin ƙusa ya buɗe, shekara biyu an gama.

Wajen saye. Pomel muke cewa nan, wasu su ce sharniyar, in ka gangara wajen Ƙonni ka tsallaka iyaka hinji za ka ji ana cewa, kuma in an bi ta gaskiya ba abu guda ba ne. Pomel shi ne mai rabuwa biyu, akwai namiji mai sanda a tsaye akwai mace mai rami da ke zama kanshi, kana iya ɗaga ƙyaure ka cire shi ba ka kwance bis ko guda ba. Sharniyar ita ce mai fukafukai biyu a haɗe kamar littafi, ba ta rabuwa. Sai na uku, dogon nan mai harshe da ake shimfiɗawa a fuskar katako, masu Faransanci na ce mashi pantir, shi ne na ƙofar garka da ta garke. Ƙyauren ɗaki na yau da kullum, mai tsawon mita 2 da 'yar ɗoriya, faɗi santimita 80 ko 90, pomel mai milimita 110 ya ishe shi in farin katako ne mara nauyi, in jan katako ne mai kauri ka ɗauki 140 ko 160. Kuma uku za ka saya, ba biyu ba. Na san kafintoci da yawa biyu suke sawa don a rage kuɗɗi, ni ban yarda ba, na ukun shi ke hana ƙyaure bankarewa ta tsakiya in zafin watan Afirilu ya dake shi.

Abin da ke kada mutane a kankayeri, wato shagon kayan ƙarfe, shi ne dama da hagu. Pomel yana da na dama da na hagu, in ka sayo wanda ba shi ba sandar za ta kalli ƙasa, ƙyaure ya zame ya faɗi. Kafin ka bar gida ka tsaya ta wajen da za ka tura ƙofar ta buɗe gabanka, ka duba wane hannu pomel zai zauna, in dama ne ka ce ma mai shago na dama. Ni ko an ba ni sai na riƙe shi a hannu, sanda na kallon sama, na buɗe na rufe kamar ƙofar ce, don sau da yawa yaran shago na cakuɗa su cikin kwali guda. Ka duba kuma akwai ɗan zoben nan na tagulla da ke zama tsakanin namiji da mace, shi ke sa ƙofa ta juya ba ƙara. Ka kaɗa shi ka ji, in yana kwaram kwaram tun yana sabo ka aje. Wanda ke Yamai kasuwar Katako ba abin da babu, har na hannu da anka ciro daga tsofaffin ƙofofi, kuma wallahi wani tsohon ya fi sabon ƙarfi nesa ba kusa ba.

Bis ɗin da ke zuwa cikin leda tare da pomel galibi gajeru ne kuma kansu na cinyewa da wuri. Ka sayi naka daban, mai kaurin milimita 4, tsawon santimita 3 da rabi ko 4, mai shafaffen kai wanda zai nutse cikin ramin pomel ya yi daidai da ƙarfen. Ka ƙara guda biyu ko uku dogaye, santimita 6 zuwa 7, za ka ga amfaninsu nan gaba. Kayan aiki kuma ba su da yawa: mita, fensir, kurfi mai kaifi, guduma, turnabis, nibo na duba ko abu ya tsaya daidai, da injin huji in akwai. In babu inji, ƙusa siririya da ka datse ma kai ta isa ta buɗe ma bis hanya. In babu nibo, ɗaura dutse a zare ka sake shi, bai taɓa yin ƙarya ba.

To mu fara da ƙyauren ɗaki. Abu na farko ba ƙyaure za ka taɓa ba, kadar ɗin da ke jikin gini za ka duba, wato katakon da ya zagaye ƙofar. Sa nibo ko zare a gefen da pomel zai zauna, ta gaba da ta gefe. In kadar ya karkace, duk gwanintarka ƙofa za ta riƙa buɗe kanta ko ta rufe kanta cikin dare mutane su ce aljanu ne. Ka girgiza shi da hannu, in yana motsi cikin bango tsaya nan, a fara kama shi da siminti tukuna, in ba haka ba aikin banza za ka yi.

Sai ka ɗaga ƙyauren ka sa shi cikin kadar ba pomel, wani ya riƙe maka. Ka cusa 'yan guntayen katako ƙarƙashinshi ya tashi daga ƙasa kamar santimita 1, sama da gefe da gefe kuma ka bar milimita 2 zuwa 3, kamar kaurin tsabar dala ashirin da ɗan ƙari. Nan fa sai ka lura da lokacin da kake aikin. In cikin hunturu ne katako a bushe yake ƙarau, ka ƙara sakin fili don in Agusta ta zo zai kumbura ya cije, ka ga mutum na dukan ƙofarshi da kafaɗa. In cikin damina kake yi ka ɗan matse, zai motse da kanshi. Ɗanyen katako kuwa wanda anka yanko bai bushe ba, kar ma ka fara, ka jingine shi inuwa ya yi makonni.

Yana tsaye a wurin ka yi alama da fensir, layi guda da zai ratsa ƙyaure da kadar lokaci guda, wannan shi ne sirrin, don in ka auna kowanne daban sai an samu bambanci. Na sama ka sauko santimita 15 zuwa 18 daga kan ƙyaure, na ƙasa ka hau 20 zuwa 25 daga gindi. Na ukun wasu na sa shi tsakiya cif, ni in ƙyauren mai nauyi ne nikan matsar da shi sama, kamar taƙi guda ƙarƙashin na farko, su biyu su taru su riƙe jan. Ka kauce ma gaɓar katako da wurin da anka haɗa katakai biyu, bis ba ya kamawa da kyau nan, tsagewa yake yi.

Fito da ƙyauren ka kwantar da shi kan gefenshi, gefen pomel na sama. Ɗora pomel kan alama ka zagaye shi da fensir, ko ma da bakin wuƙa ya fi, don wuƙa na yanke jijiyar katako ba ya ɓallewa ya wuce layi. Yanzu sai sassaƙa wurin zamanshi. Zurfin daidai kaurin ƙarfen pomel ne, ba ƙari ba ragi, in ka shafa yatsa kar ka ji tudu kar ka ji rami. Ka tsaida kurfi kan layin ka ɗan buga a hankali ka zagaye, sannan ka yi ta sara ƙanana a jere kamar ana tsaga kifi, tsakaninsu rabin santimita, sai ka kwantar da kurfin ka kwashe. Kar ka ce za ka ciro duka da bugu guda. Ni lokacin da nike koyo wurin kawuna na taɓa zurfafa rami har ƙofa ta ƙi rufuwa, tana zuwa kusa sai ta dawo kamar roba, bai ce mani komai ba, ya yago kwalin shayi ya ninka ya sa ƙarƙashin pomel ya ɗaure, ta rufe ƙyat, sannan ya ce "gobe kai za ka sayi shayin." Haka ake gyara shi in ya yi zurfi, kwali ko ɓallin kwantar-filake. In kuma bai kai zurfi ba za ka ga gibi babba ta gefen pomel, ɗaya gefen na gugar kadar, sai ka ƙara sassaƙa kaɗan.

Huji kafin bis, wannan ba a tsallake shi. Bis mai milimita 4 ka huda mashi da meshi, wato bakin injin huji, mai milimita 2 da rabi ko 3, tsakiyar ramin pomel cif, in ya kauce gefe kan bis zai ja pomel ɗin ya karkata. Jan katako in ba ka huda ba ko ya tsage ko kan bis ya karye ya bar maka rabi ciki, kuma fitar da shi sai ka yi gumi. Ka goga bis ɗin jikin kyandir ya shiga sumul. Wasu sabulu suke gogawa, yana aiki amma yana jawo tsatsa daga baya. Kuma don Allah kar a buga bis da guduma, na sha ganin ana yi wai don sauri, ai in ka buga shi ka mai da shi ƙusa ke nan, haƙoran sun yage katakon da ya kamata su ciza.

Macen pomel jikin ƙyaure take, namiji jikin kadar, sanda na kallon sama. Ka sassaƙa kadar kamar yadda ka yi ma ƙyaure. Amma kar ka cika bis duka tun yanzu, guda guda ka sa a kowane pomel, ka rataya ƙyauren ka gwada. Wajen ratayawa ka buɗe shi sosai, ka fara saita na sama sauran su bi, mai riƙe maka ya sa ƙafa ƙarƙashi yana ɗagawa a hankali, yatsu kuma a kiyaye. Ka buɗe ka rufe sau biyar shida, ka duba kowane pomel ya zauna kan zobenshi, don in guda na lilo bai taɓa ba to sauran ke ɗauke da nauyinshi, sai ka sassauta ka matsar. Ka bar ƙofar rabi a buɗe ka saki hannu, in ta tsaya inda ka bar ta aiki ya yi. Sannan ka cika sauran bis, na ƙarshe da hannu za ka ɗaure ba da inji ba, inji na wuce gona da iri ya cinye ramin. Dogayen nan da na ce ka saya, pomel na sama ta gefen kadar za su, in katakon na da kaurin da zai ɗauke su.

Yanzu ƙofar waje, ta garka ko ta garken dabbobi ko ta lambu, nan ne aikin yake da gaske don ita ke shan rana da ruwa da iska da karon raguna. Nan pomel ba shi ne farkon magana ba, ginshiƙi ne. Na ga mutane sun sayi pantir mai tsada sun ɗaura a icen da anka kafa rami taƙi biyu cikin rairayi, wata guda ginshiƙin ya rusuna ƙofa ta kwanta. Ka haƙa santimita 60 zuwa 80, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon icen ya shiga ƙasa. Ka shafe gindin da baƙin man bidanji ko kwalta saboda gara, ka bari ya sha, ka zuba tsakuwa ƙasan ramin don ruwa ya samu wurin tsiyayewa, sannan kwaɓi: awo 1 na siminti, 2 na rairayi, 3 na tsakuwa. Simintin Malbaza ga shi kusa da mu ba sai an je nesa ba. Ka sa nibo ta fuska biyu, ka tokare da sanduna, saman kwaɓin ka yi mashi gangare ruwa ya riƙa gudu daga jikin icen. Ka riƙa yayyafa mashi ruwa safe da yamma don zafinmu na busar da siminti kafin ya kama. Ƙarfinshi na gaske sai kwana 28, ba wanda zai jira haka da gida a buɗe, amma ko yaya ka ba shi mako guda kafin ka rataya mashi nauyi.

Ita kanta ƙofar ka duba bayanta. Katakai biyu na kwance, sama da ƙasa, da guda na gicciye tsakaninsu. Na gicciyen nan ƙafarshi na ƙasa ta gefen pomel, kanshi na sama ta gefen kwaɗo, don nauyin bakin ƙofa ya gangaro ya sauka kan pomel na ƙasa. In an juya shi, kuma ana juyawa da yawa, ado ne kawai ba ya riƙe komai. Pantir kan katakan kwancen nan ake shimfiɗa shi, ba kan siraran na tsaye ba, kuma tsawonshi ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙofar, in ya kai rabi ya fi.

Nan bis kaɗai bai isa ba. Ramin farko na kusa da ginshiƙi, ko ma biyu, bulon za ka sa, wato ƙarfen da ake ɗaurewa da noti, mai milimita 8 wanda zai ratsa katakon ya fita baya, mai mulmulallen kai da ba wurin kama shi da kile. Kan yana waje ta titi, noti da rondel, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami, suna cikin gida, ɓarawo ya zo da turnabis ya rasa abin kwancewa. In ka ɗaure ka ɗan daddaki bakin bulon da guduma ya baje, notin ba ya sake fita. Wajen saitawa ka ɗora ƙofar kan bulo ko katako ta tashi santimita 5 daga ƙasa, ko fiye in wurin na tara rairayi da damina, kuma ka ɗaga bakinta ta gefen kwaɗo kamar rabin santimita fiye da daidai, don ranar da ka cire abin tokarar sai ta ɗan sauka, kowace ƙofa na yi.

Wata dabara da ba kowa ke yi ba, ƙugiyar da pantir ke zama kanta, ta ƙasa sandarta na kallon sama, ta sama kuma ka juya ta ta kalli ƙasa. In duka biyun sama suke kallo, mutum biyu na iya ɗaga ƙofar su aje gefe da kwaɗonta a kulle, an sha kwashe awaki haka ana gab da babbar Salla. Sai dai ka sani in ka juya ta, ta ƙasa ce ke ɗauke da nauyin duka, ka zaɓi mai kauri, kuma ta saman sai ƙofa na wurinta ake ɗaure ta, ita ce ta ƙarshe.

In ba ginshiƙin ice gare ka ba, bango ne, to ya danganta. Bulon siminti mai rami ciki ba ya riƙe bis ko an sa robar nan da ake cusa ma rami don ya kama, ka sayi ƙugiya mai wutsiya a tsage, ka fasa bulon, ka jiƙa ramin, ka cika da kwaɓi mai ƙarfi ka dasa ta ciki, ka daidaita ta sama da ta ƙasa da zare su zama layi guda tun siminti na ɗanye. Ginin laka kuwa kar ka wahal da kanka, ba ƙarfen da zai zauna cikinshi yana ɗauke da ƙofa, sai dai a kafa ginshiƙi daban jikin bangon ko a gina 'yar dirka ta siminti.

Ƙyauren da ya riga ya saki, irin na Gwaggo, ga yadda na yi mashi. Na tokare shi ta ƙasa, na zare ƙusoshin, na samu tsinken ashana da na sakace na tsoma cikin farin kol na manna katako na cusa ramukan har sunka cika, na karye abin da ya yi saura. In rami ya yi faɗi sosai sai ka fiƙe ɗan katako kamar fensir ka shafa kol ka buga ciki. Ya kamata a bari ya kwana, ni na ba shi awa biyu don magariba ta gabato kuma ba za ta kwana ɗaki a buɗe ba, na sake huji na sa bis, dogo guda a na sama. In katakon wurin ya ruɓe ko gara ta cinye shi, kana danna turnabis yana shiga kamar cikin tuwo, tsinke ba ya magani, ka matsar da pomel sama ko ƙasa inda icen ke da rai.

Maganar ƙara kuma, mutane na zuba man gyaɗa ko man ja, kwana biyu ya yi shiru sannan ƙurar hunturu ta manne ta zama kamar tuwon ƙasa tana cin sandar. Ka ɗaga ƙyauren, ka goge sandar da tsumma, ka shafa giris ɗan kaɗan irin na babur, ko ka goga mata bakin fensir. In zoben tagullan ya cinye ƙofa ta sauka, rondel guda da ya yi daidai da sandar ka zura a kowane pomel, ta koma inda take. Farkon hunturu kuma ka bi bis ɗin duka da turnabis, za ka ji kowanne ya karɓi rabin juyi. Na Gwaggo na ce mata in sanyi ya shigo ta aiko yaron, ta ce to, amma furar sai in zo da nonona don ya yi tsada.